Sauke Ta Tukuna

Idan ka tambayi mai facin da ke maƙwabtaka da garejin, zai ce maka bai taɓa ganin mai jan rai irin Baba Sauke-ta ba: aikin da wani zai gama kafin shayi ya huce, shi sai ya kai ka azahar. Direbobin a-kori-kura cewa suke yi ya fi likita tambaya. Me kake ja? Ina kake kaiwa? Hanyar tana da kwana? Matar nan mai ba da hayar kujeru da rumfuna ta ce shi ne bakanike na farko da ya mayar da ita gida da kayan da ta sayo da hannunta, kuma har yau tana yi masa addu'a. Matarsa kuwa da aka tambaye ta, sai ta ce, "Ya iya matse wanki."

Dukansu gaskiya suka faɗa. A ƙarshen watan jiya Baba ya ajiye aiki, gwiwa ta ƙi, shi ya sa ya kamata a faɗi waɗannan maganganu yanzu, yana raye, yana ji.

Da safe, kafin ya taɓa sifana, shara yake fara yi. Akwai wani ɗan fili na siminti a tsakiyar garejin, shi ya zuba shi da kansa, ya daidaita shi har ruwa ba ya sanin inda zai gangara. Ba a ajiye mota a wurin sai wadda zai yi wa aiki. Idan ya share, sai ya shimfiɗa kwalinsa, ya jawo akwatin katako da sifanoni ke jere a ciki, ƙarama na bin babba, kowace da gurbinta. Daga nan ya zauna a bakin benci ya jira. Ba ya kiran kowa, ba shi da allo a ƙofa.

Ga wanda bai san aikin ba, a-kori-kura idan aka ɗaura mata ƙaramar tirela, ko tankin ruwa, ko injin walda, halinta yakan canja. Ta shiga kwana sai bayanta ya kwanta gefe guda, direba ya ji kujera tana zamewa a ƙarƙashinsa. Babbar mota ta wuce ta, sai ta yi ta tangaɗi. Abin da ake sa mata wata sandar ƙarfe ce mai kauri, lanƙwasasshiya, mai hannu biyu. Masu sayar da ita suna da dogon sunan da suke kiranta da shi, amma a garejin Baba "sandar baya" kawai ake cewa. Ana ɗaure tsakiyarta a jikin aksil, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya, hannayenta biyu kuma a haɗa su da gangar jikin motar. Idan ɓangare ɗaya ya so kwanciya, sai sandar ta murɗe ta riƙe shi. A kowane hannu akwai ramin noti uku. Na baki laushi ne da shi, na ciki tauri, na tsakiya kuma tsaka-tsaki.

Kowane bakanike zai iya ɗaura ta. Bambancin Baba yana wurin ƙarasawa. Yana ɗaga mota a jak, ya shafa wa robobin sandar giris da yatsa, ya lallaɓa bututun birki ya kauce don kada ƙarfe ya danne shi, ya zura kowane noti ya murza da hannu kawai. Mai mota yana ganin an kusa, ya fara laluben makulli, sai ya ji murya daga ƙasa:

"Sauke ta tukuna."

Nan sunan ya samo asali. Mota tana rataye a jak, in ji Baba, ba ita ba ce. Tayoyinta na lilo, sifirin a sake, komai yana zaune a inda ba zai zauna a kan hanya ba. Ka ɗaure noti a haka, tana sauka sai robar ta murɗe, ƙarfen ya kama da ƙarya. Don haka sai an sauke ta a kan simintin nan, an haɗa mata abin da take ja da kayansa a ciki, sannan mai ita ya hau ya zauna a kujerarsa. "Kai ma kaya ne," haka yake ce wa direba. Sai a lokacin yake komawa ƙasa, cikin matsi, hancinsa na gogar salansa, ya ɗaure.

Wannan zama yana da wani abu. Mutum yana sama, Baba yana ƙasa, ba mai ganin fuskar wani, ga shi an hana ka motsi. Mai faci ya ce daga wannan kujera ya ji maganganun da mutum ba zai faɗa wa abokinsa ido da ido ba: wanda 'yarsa ke kwance asibiti, wanda idonsa ya fara dushewa yana tsoron a karɓe masa mota. Baba ba ya ba da shawara. "Uhm," kawai yake cewa, sai kuma "Kada ka motsa." Amma mai idon nan, Baba ne ya raka shi wurin likita washegari, da rigar aikinsa.

Mai hayar kujeru ta zo ne da sabuwar sanda a kwali, ta ce tirelarta tana kaɗa wutsiya kamar za ta jefa ta rami. Ya ce ta je ta dawo da ita da kaya, yadda take lodawa kullum. Ta dawo tana mita. Ya zagaya sau ɗaya, ya ga janareta da ƙarafan rumfa duk a can baya.

"Hajiya, wannan sanda mota take hana kwanciya. Ba ta hana tirela rawa. Nauyinki ne a baya, shi yake kaɗa ki."

Shi da mai faci suka tura janareta gaba, suka ɗaure. Ta zagaya ta dawo tana dariya ta ce, "To ita sandar fa?" Ya ce ta mayar wa mai ita, ranar da ta fara jan abin da ya fi wannan nauyi ta dawo. Ta dawo kuwa, bayan ta ƙara rumfuna, kuma ita ma ta sha "sauke ta tukuna".

Amma wanda ya san Baba ya san akwai mota guda da ta yi shekaru ba ta taka simintin nan ba, ta ƙanin matarsa. Shi ne autansu, yana jan tankin ruwa zuwa wuraren gini. A da, kullum yana garejin. Tun daga bakin titi ake jin muryarsa: "Ina ɓarawon yayata? Fito daga ƙarƙashin mota, mun gan ka!" Baba ya amsa daga ƙasa, "Rabin Tanki, ka iso? Ai tun daga kwana na ji kana ɓalam-ɓalam." Cikakken tanki ba ya motsi, rabi ne yake karkaɗa mota, shi ya sa ya laƙaba masa sunan, saboda surutu. Sunan ya bi shi har tashar direbobi. Mai faci ya ce a duniya ba wanda yake sa Baba dariya har ya buga kai a aksil sai shi.

Wata rana Rabin Tanki ya kawo sanda a sa masa. Ya ce a sa a ramin ciki, mai tauri, shi ba ya son mota tana yi masa rangwaɗa. Baba ya ce a'a. Da tanki a baya, ramin ciki daɗi ne da shi. Amma rabin tafiyarsa ba tanki yake yi ba, kuma a-kori-kura ba kaya, bayanta ba nauyi. Idan sanda ta yi tauri, aka yi ruwa, bayan zai riga gaban shiga kwana.

"Kai dai tsoro gare ka, mijin Yaya."

"Na ji. Tsakiya zan sa."

A tsakiya ya sa.

Ba a yi wata ba, wata safiya da aka kwana ana ruwa, Rabin Tanki ya ɗauki yayarsa, matar Baba, zai kai ta dubiya. Ba tanki, ba kaya. A wata kwana bayan motar ya juyo, suka faɗa lambatu. Shi ya fito da ƙujewa a goshi. Ita wuyan hannunta na dama ya karye, karaya mai muni.

A barandar asibiti, gaban dangi, Rabin Tanki ya ce, "Tun da aka sa min ƙarfen nan motar ta canja hali." Ya maimaita a tasha. Magana ta zaga: sandar Sauke-ta ta kusa kashe matarsa.

Da aka jawo motar, Baba ya shiga ƙarƙashinta shi kaɗai. Notin yana ramin ciki, duka hannu biyu. A bakin ramin tsakiya kuma ga da'irar da washar notin ta bari, tas, tana ƙyalli, inda shi ya ɗaure. Ya daɗe yana kallon da'irar. Sannan ya fito, ya karkaɗe rigarsa. Mai faci ya tambaye shi me ya gani, ya ce, "Ƙarfe."

Direbobi suka ɗauke ƙafa. Simintin ya yi ta shan shara ba mota. A hankali suka dawo, ɗaya bayan ɗaya, don mota ba ta jin jita-jita, kuma waɗanda ya yi wa aiki suna nan suna shan kwana lafiya. Abin da bai dawo ba shi ne wasan. Ba gaba suka yi ba, da ma gabar ce da sauƙi. Idan suka haɗu a gidan dangi, sai Rabin Tanki ya rusuna ya ce, "Ina wuni, Malam. Ya aiki?" Baba ya ce, "Lafiya lau. Ya iyali?" Mutumin da ya saba kiran ka ɓarawo ya koma kiran ka Malam, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Baba yakan dawo gida daga irin wannan gaisuwa ya kasa cin abinci.

Hannun matarsa ya warke, amma bai koma murɗawa ba. Tana iya wanki, ba ta iya matsewa. Tun daga lokacin, duk ranar wanki Baba yake tsayawa a bakin igiya, ita tana ɗaurayewa tana miƙo masa, shi yana matsewa yana shanyawa. Maƙwabta sun yi dariya har sun gaji. Ya matse zannuwa, ya matse rigunan jikoki, da hannun nan da ya saba da noti, har takan ce masa, "A hankali, ba aksil ba ne."

A bakin igiyar nan ya gaya mata zai ajiye aiki ƙarshen wata, gwiwa ba ta yarda ya shiga ƙarƙashin mota ya fito ba tare da an kama shi ba. Ta miƙo masa zani, ta ce:

"Sifanar da Auta ya canja ramin da ita, ni na ɗauko masa a akwatinka. Ya zo da yamma ba ka nan, ya ce noti zai ƙara wa ƙarfi. Sai da muka faɗa lambatu na gane."

Baba ya murɗe zanin, ruwa ya zuba a ƙafarsa.

"Na sani. A gurbin wata na tarar da ita."

Ta tsaya da hannu a cikin bokiti. "Ka sani? Duk shekarun nan? To me ya hana ka faɗa?"

"In ce miki ƙaninki ne ya karya miki hannu, kuma ya ɗora min? Nono ɗaya kuka sha. Ke da kika sani, me ya hana ki?"

"Jira nake ya faɗa da bakinsa. In na riga shi faɗa, na raba shi da abin da ya rage masa."

"To ga shi mun tsufa muna jira."

"Kai ka tsufa," in ji ta. "Karɓi wannan."

Ba ta sake tayar da maganar ba. Abin da ta je ta ce wa ƙaninta, ba wanda ya sani, ita kuma ba ta faɗa.

Ranar ƙarshe, garejin ya cika ba tare da an gayyaci kowa ba. Direbobi suna zaune a benci da kan tsofaffin tayoyi. Mai hayar kujeru ta aiko da kujeru. Baba ya riga ya raba wasu kayan aikin ga waɗanda suka koya a hannunsa, yanzu kowa da garejinsa da furfurarsa. Da hantsi sai ga wata a-kori-kura ta kunno kai, ba sabuwa ba, da tankin ruwa a baya. Ta tsaya a bakin simintin, ba ta hau ba. Matar Baba ce ta fara fitowa. Sannan Rabin Tanki, da dogon kwali a kafaɗa.

"Ina kwana, Malam. Sanda ce na kawo, ko da lokaci."

Baba ya dubi kwalin, ya dubi tankin. "Cike yake?"

"Cike."

"Cire shi, ka hau da ita."

Baba ya yi aikin yadda ya saba, bai gaggauta ba, bai kuma ja ba. Mai faci ya kama masa jak. Ya shafa giris, ya kautar da bututun birki, ya gwada hannayen sandar ya ga sun miƙe daidai da ƙasa. Rabin Tanki yana tsaye a gefe, hannu a baya, kamar baƙo a gidan suruki. Da aka zo ramuka, Baba ya leƙo.

"Wanne kake so?"

"Tsakiya."

Wani direba ya yi tari. Baba ya zura noti, ya murza da hannu.

"Sauke ta tukuna."

Aka sauke, aka haɗa tanki, motar ta zauna da nauyinta. Matar Baba ta koma kujerar gefe ba tare da an ce mata ba, ta ce ita ma kaya ce. Rabin Tanki ya hau ya kama sitiyari. Mutum biyu suka riƙe Baba har ya kwanta a kwalinsa, ya ja jiki ya shige, sai tafin ƙafarsa kawai ake gani.

Baba, kai ne ka ƙi ɗaure ƙarfe a kan ƙarya, ko da mai mota yana huci a kanka. Kai ne aka ɗora wa abin da ba ka yi ba, hujja tana ƙyalli a gaban idonka, ka fito ka ce "ƙarfe". Ba kowa zai ce ka yi daidai ba. Akwai masu ganin da ka yi magana tun ranar, da an huta da shekarun "ina wuni, Malam", kuma mai yiwuwa suna da gaskiya. Amma ba wanda zai ce don kanka ka yi shiru. Mun gode, a madadin waɗanda suka sha kwana da tanki a baya suka isa gida ba su ma san an yi musu wani abu ba. Masu riƙe da sifana a yau, ga abin ɗauka: ku tambayi mutum me yake ja, ku ga kayan da idonku, kada ku ƙarasa aiki mota tana rataye.

Garejin ya yi tsit, sai ƙarar sifana. Rabin Tanki yana kallon gilashin gaba. Can ya ce wani abu ƙasa-ƙasa, ko mai faci da ke jingine da ƙofar motar bai kama ba.

Sifana ta tsaya.

"Magana kake yi?" in ji muryar daga ƙasa. "Ni nan salansa ce a kunnena. Rabin Tanki da ake ji tun daga kwana, yau kuma muryar ta ƙare?"

Shekara da shekaru ba a ji sunan nan daga bakin Baba ba. Rabin Tanki ya kifa goshi a sitiyari, kafaɗunsa suna rawa, ba a san ko dariya ba ce ko kuka. Ya kai hannu zai buɗe ƙofa ya sauko.

"Kada ka motsa. Ban gama ba."

Yayarsa ta ɗora hannunta na dama, wanda ba ya murɗawa, a kan gwiwarsa. Ya ɗago, ya sauke gilashi har ƙasa, ya leƙa da kansa waje, ya ɗaga murya yadda na kan benci da na bakin titi za su ji:

"Ni na canja ramin! Kai a tsakiya ka sa, ni na mayar ciki da hannuna, na karya wa Yaya hannu, na ce kai ne. Na ɓata maka suna a tasha, ina sane. Yaya, ki yafe min. Ɓarawon yayata, don Allah ka yafe min."